Harsashi ya ratsa barewa kamar allura amma ba ta faɗi ba, ina matsalar take?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata tambaya ce ta hana ni sukuni tun ranar Asabar. Shekarata shida ke nan a jihar Nebaraska ta Amurka, kuma duk Nuwamba idan aka buɗe farautar barewa da bindiga, wadda kwana tara ce kacal, nakan yanki lasisi in bi wani abokin aikina gonar surukinsa. Bana na tafi da bindigata .308 (lambar faɗin harsashinta ce a inci) mai gajeren bututu, inci 18, da harsashi mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) irin na jan ƙarfe zalla, wanda ba dalma a cikinsa. Da sassafe barewa ta fito bakin gonar masarar da aka girbe. Na auna da na'ura, yadi 430. Na kwanta, na ɗora bindiga kan jaka, na yi bisimilla na taɓa kunama. Na ji saukar harsashi a jikinta ƙarara, amma sai ta zabura ta shige itatuwan bakin rafi. Awa uku muna bin jini, ɗigo nan ɗigo can. Ko da muka same ta rai ya yi halinsa. Da muka feɗe, harbin bai da laifi: ya shiga bayan kafaɗa tsakanin haƙarƙari biyu, ya ratsa huhu, ya fita. Sai dai ramin shiga da na fita duk ɗaya ne, kamar an soka fensir. Bara, da bindigar nan da harsashin kwali ɗaya, na harbi wata a yadi 90, ramin fitar sai ka zura yatsu uku, ko taku ashirin ba ta yi ba. Harsashin ne ya lalace a ajiye ko yaya?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ai maganar a fili take, .308 ta yi maka kaɗan. Ka nemi .300 magnum, mai yawan albarushi da gudu, ka huta da bin sawu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan Auta ka dakata tukuna, za mu zo kan magnum ɗinka. Baban Hanif, harsashinka lafiya lau yake. Gudu ne ya ƙare masa kafin ya isa.

Duba kwalin, za ka ga an rubuta wajen ƙafa 2,800 a sakan ɗaya. Wannan adadi a bututu mai inci 24 ake auna shi. Kai naka 18 ne, kuma duk incin da aka rage yakan ci ƙafa 25 zuwa 30. Ke nan harsashinka na barin bakin bindiga da wajen 2,650. Daga nan iska ta fara cin rabonta, kusan ƙafa 200 a kowane yadi ɗari ga harsashi irin wannan. A yadi 90 ya isa da wajen 2,450. A yadi 430 kuwa da ƙyar ya riƙe 1,800, balle ga sanyin asubahin Nuwamba, wanda ke sa iska ta yi nauyi.

Abin da ke buɗe kan harsashi shi ne matsin da naman ke yi masa lokacin da yake kutsawa. Wannan matsi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Gudu sau gudu ne. Idan ka yi lissafi da nauyin ruwa, wanda ya yi kusa da na tsoka, a harbin bara kan harsashin ya sha matsi kamar ninki 2,800 na matsin iskar da muke shaƙa. Bana kuwa wajen ninki 1,500. Gudun ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, matsin ya kusa rabewa biyu. Jan ƙarfe kuma ba dalma ba ne, yana da taurin kai.

Baban Hanif: Ikon Allah. Amma Injiniya, a shafin masu harsashin an ce yana buɗewa har zuwa 1,800. Bisa lissafinka ai ina kan layi.

Injiniya: Kana bakin rijiya dai. Idan suka ce yana buɗewa a 1,800, ba suna nufin zai baje kamar lemar kwaɗi irin wanda ake ɗaukar hoto a talla ba. Bakin ne zai ɗan yage, wani lokaci ko faɗin jikin harsashin bai wuce ba. Shi ya sa da yawa daga masu harbi da jan ƙarfe ba sa son ya sauka ƙasa da 2,000, wasu ma 2,200 suke tsayawa. Sannan ka ce ya bi tsakanin haƙarƙari. Bai taɓa ƙashi ba, bai ratsa tsoka mai kauri ba, ya faɗa huhu, huhu kuwa soso ne, rabinsa iska. Me zai buɗe shi? Da a ce ya daki allon kafaɗa da labarin ya sha bamban.

Kawu Sarkin Baka: Jikana ne ke rubuta mini. Na sa an karanta mini an kuma maimaita. Yaro, yadi 430 ai ba farauta ka yi ba, aike ka yi. Mu da adaka muka tashi. In ba ka jin motsin bakin dabba tana cin ciyawa, ba ka isa harbi ba. Ka bi iska, ka ja ciki, ƙaya ta soke ka ka yi shiru. Kuma abin da Injiniya ke faɗa da lissafi mun gan shi da ido. Curin dalma da muke ɗurawa ba shi da gudun naku ko kusa, amma in ka tono shi a jikin gwanki za ka same shi ya baje kamar kwabo, saboda dalma taushi gare ta. Wanda ya ɗura guntun ƙarfe kuwa yakan fita yadda ya shiga. An ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa kwana a daji yana neman dabbar da ya raunata ba.

Baban Hanif: Allah ya ƙara girma Kawu, na karɓi faɗa. Sai dai gonakin nan fili ne fetal, an girbe masara, ko kara ɗaya babu da mutum zai raɓa.

Kawu Sarkin Baka: To sai ka bar ta ta tafi. Gobe ma rana ce.

Mai Bin Sawu: Salamu alaikum daga Garwa. Kawu, ranku ya daɗe. Ni aikina ke nan, nakan bi baƙi Turawa sawu a yankunan farauta da gwamnatin Kamaru ta keɓe a kewayen gandun Binuwai da Faro da Buba Njida, daga Disamba har zafi ya tsananta. Abin da na fi gani kishiyar na Baban Hanif ne, kuma ya fi muni. Ɗan Auta ka saurara da kyau.

Wata shekara wani baƙo ya zo da magnum mai gudun tsiya, da harsashi mara nauyi mai siririyar riga (ɓawon ƙarfen da ke lulluɓe dalmar), irin wanda aka yi don harbin nesa a fili. Muka tarar da gwanki a cikin dogayen ciyayi, mita 40 bai cika ba. Ya harba a kafaɗa. Gwanki ya faɗi tim, muka fara murna, sai ya miƙe ya ranta a na kare. Sai washegari da la'asar muka cim masa. Raunin kafaɗar nan faɗinsa kamar faranti, nama ya dagargaje, amma zurfinsa bai kai tsawon tafin hannu ba. Rigar harsashin na tsinta a ƙarƙashin fata ta rabu da dalmar, dalmar kuma ta zama gari. Ko ƙura bai kai wa huhu ba. Harsashin da aka yi don ya buɗe a nesa, da ya daki ƙashi yana kan ganiyar gudu sai ya tarwatse.

Tun daga nan in baƙo ya sauka, kafin in tambayi sunan bindigarsa nakan ce ya nuna mini kwalin harsashi.

Ɗan Auta: Haba Malam, ai wannan harsashin banza ne. Amma ƙarfi ƙarfi ne. Duba bayan kwali ka ga adadin ƙarfin da magnum ke sauke wa dabba, .308 ba ta kama ƙafarta ba.

Mai Bin Sawu: Ƙarfin ai ya sauka, ɗan'uwa. Duk a kan kafaɗa ya ƙare.

Injiniya: Na Baban Hanif kuma ya fita ta ɗaya gefen da ragowar ƙarfinsa ya kai wa ƙasar gona. Adadin da ke bayan kwali ba ya gaya maka inda ƙarfin zai sauka.

Amma in za a yi adalci, Ɗan Auta ya faɗi gaskiya ba tare da ya sani ba. .300 Winchester Magnum da giren 180 takan tashi da wajen 2,960. A yadi 430 tana riƙe da sama da 2,100, wato da wannan harsashi na jan ƙarfe zai buɗe sosai. Abin da magnum ke saya maka ke nan, tana tura iyakar gaba da yadi ɗari da wani abu. Kuɗin da za ka biya shi ne harbin kusa, inda harsashi mai siririyar riga zai sauka da kusan 2,900 ya fashe. Akwai abin da ke ba mutane mamaki: harsashin dalma na gargajiya sau da yawa ya fi nutsewa a yadi 250 fiye da yadi 25, domin a kusa ya baje da yawa ya zubar da nauyinsa, a nesa kuwa ya buɗe daidai wa daida ya ci gaba da tafiya.

Wannan matsala ita ta haifi kamfanin Nosler. A 1946 John Nosler ya je farautar mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, a yankin Biritish Kolombiya na Kanada, da .300 H&H, magnum ta wancan zamani. Dabbar ta yi birgima a taɓo ya bushe mata a kafaɗa. Ya harba, harsasai suka riƙa fashewa ba sa shiga. Ya koma gida ya ƙirƙiro harsashi mai katanga a tsakiya: dalmar gaba mai taushi ta buɗe ko ta zube ma, ta baya kuma katangar ta tsare ta ta ci gaba da kutsawa. Shi ne Partition, ya shiga kasuwa a 1948, har yau ana sayar da shi. Daga baya aka zo da dabarar manne dalma da rigarta don kada su rabu. A 1989 kuma Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fito da na jan ƙarfe zalla mai rami a baki, wanda ke tsagewa gida huɗu kamar fure. Irin wannan ba ya tsoron gudu, ka ƙara masa ma yana so. Yunwar gudu ce ke kashe shi.

Ko kamfani ɗaya ka duba za ka ga bambancin. Nosler sun ce Partition da AccuBond (nasu mai dalma manne da riga) suna buƙatar aƙalla 1,800, AccuBond ɗinsu na harbin nesa kuwa 1,300.

Mai Bin Sawu: Shi ya sa tsofaffin maharba a nan ba sa rabuwa da .375 H&H. Tun 1912 take. Giren 300, gudu wajen 2,500, ba gaggawa. A wannan gudun ko harsashi mai sauƙin ƙira yakan yi aikinsa bai watse ba. In ɓauna za a bi, na farko mai buɗewa ne amma mai tauri, na bayansa sau da yawa dunƙulalle wanda ba ya buɗewa sam, don in ta juya baya sai ya ratsa tun daga ƙugu har ƙirji. Ɓaunar da aka raunata a cikin ciyawa ba abin wasa ba ce, zagayowa take yi ta jira ka.

Hajiyar Zinder: Ni ba maharbiya ba ce, karatu kawai nake yi. Amma wannan harsashi mai bajewa ba shi ne dum-dum da aka haramta ba? Yaya ake sayar da shi a kanti?

Injiniya: Shi ne Hajiya, ko in ce kakansa. Dum Dum sunan wani gari ne kusa da Kalkata a Indiya, inda Ingilishi ke da masana'antar makamai. A shekarun 1890 suka ga harsashin .303 mai cikakkiyar riga yana ratsa mutum bai tsayar da shi ba, sai suka bar dalma a buɗe a baki. A 1899 aka zauna a birnin Heg na ƙasar Holan aka hana amfani da irinsa a yaƙi tsakanin ƙasashe. A farauta kuwa abin ya juya. Jihohin Amurka da dama da ƙasashen Turai mai cikakkiyar rigar suka hana a harbi barewa da shi, domin yana yin irin ramin fensir ɗin nan, dabba ta tafi ta mutu a wahale. Abin takaicin shi ne harsashin Baban Hanif, da gudu ya ƙare masa, ya koma tamkar wancan da aka hana.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum. Ku gafarce ni in shigo da nawa ɓangaren, don tun ɗazu wani abu ke yi mini kai-kawo. Baban Hanif, ka ce ta shiga bakin rafi kuma kun same ta matacciya. A cikin ruwa kuka same ta ko a tudu? Kuma akwai wani rauni a jikinta ban da naka?

Baban Hanif: A tudu ne Malam, ƙarƙashin wata bishiya, rafin ma a ƙafe yake. Ba wani rauni sai nawa.

Malam Na Tsangaya: Alhamdu lillahi, to ka ci namanka. Na tambaya ne saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ke cikin Buhari da Muslim. An yi masa izinin cin abin da ya harba ya ɓace masa in bai sami alamar komai a jikinsa ba sai ta kibiyarsa, amma in ya same shi a ruwa kada ya ci, don bai san wanne ya kashe shi ba. A Risala kuma an yi maganar abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba, kai kuwa awa uku ne. A hadisin Adiyyun dai aka bambanta makamin da ya huda da kaifinsa da wanda ya buge da faɗinsa, na biyun mushe ne. Malaman Malikiyya na baya da bindiga ta zo sun halatta abin da harsashin dalma ya kashe saboda yana hudawa yana zubar da jini. Ta fuskar halacci ke nan. Ta fuskar kyautatawa kuwa, an umarce mu in za mu kashe mu kyautata kisan, awa uku kuma da yawa ne. Ina bayan Kawu.

Ɗan Auta: To Yaya ka koma harsashin dalma kawai mana, tunda shi ke buɗewa ko gudu ya ragu. Remington Core-Lokt tun 1939 ake kashe barewa da shi ba wanda ya yi kuka.

Likita: Kafin ya koma, ya tuna wa zai ci naman. Baban Hanif, Hanif shekararsa nawa? Harsashin dalma in ya sauka da gudu yakan zubar da ɓarɓashi da ido ba ya gani, sai a hoton asibiti za ka gan su warwatse nesa da ramin. In aka niƙa naman sai su bi ko'ina. A 2008 hukumomi a jihohin Dakota ta Arewa da Minesota na Amurka sun janye naman barewa da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata saboda an sami dalma a ciki. Kalifoniya kuma tun 1 ga Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, musamman don wata babbar ungulu tasu da ke cin kayan cikin da maharba suka bari tana mutuwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, a Dareta da Bagega da 'Yargalma, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Can daga duwatsun zinare ta fito kuma yawanta ya wuce misali, ban ce daidai suke da wannan ba. Amma dalma a jinin yaro ba ta da kaɗan.

Baban Hanif: Shekararsa huɗu, Likita, kuma shi ya fi kowa cin dambun. Dalilin da ya sa na koma jan ƙarfe ke nan tun farko. Wani a wurin aiki ya ce in sauka zuwa giren 130, wai zai fi gudu. Injiniya me ka gani?

Injiniya: Zai fi gudu a bakin bindiga, da wajen ƙafa 200, kuma jan ƙarfe ba ya zubar da nauyi, don haka 130 ɗinsa yakan nutse kamar dalma mai 150 ko fiye. Daga bakin bindiga zuwa yadi 300 ka ci riba. Amma mara nauyi iska ta fi saurin cinye shi. Na buga lissafin sama-sama, a wajen yadi 400 zuwa 450 sai su yi kunnen doki, ka dawo inda ka baro. Mai ɗan tsinin roba a baki ya fi taimako, yana yanka iska kuma in ya sauka yakan danna ciki ya fara tsaga ramin. Akwai kuma na jan ƙarfe da aka yi musamman don ƙaramin gudu.

Mai Bin Sawu: Ni ban cika yarda da abin da aka rubuta a kwali ba sai na tono harsashi da hannuna. Ina da gwangwani cike da su, kowanne na san dabbar da nisan.

Injiniya: Gaskiyarka, gani ya kori ji. Baban Hanif, ka ari na'urar auna gudu a filin gwajin harbi ka san ainihin abin da bututunka ke bayarwa, ka sa a manhajar lissafi, ka ga a yadi nawa yake sauka ƙasa da 2,000. Zato na tsakanin 300 ne da 330. Sannan ka jera jarkokin ruwa biyar ko shida, ko tarin jaridun da aka jiƙa, ka harba ka ciro. Masu bincike da wani daskararren kunu na gelatin suke yi, kashi 10 cikin ɗari, a sanyin digiri 4, amma ruwa ma zai nuna maka hanya, sai dai ka sani ruwa yakan buɗe harsashi fiye da huhu, in bai buɗe a jarka ba to a dabba ma kada ka sa rai. Kuma ka ajiye jarkokin a ainihin nisan. Wasu kan rage albarushi su harba a kusa don kwaikwayon nesa, alhali ba ɗaya ba ne. Harsashinka na barin bututu yana juyawa kusan sau 190,000 a minti in murɗin bututun ɗaya ne a inci 10, kuma wannan juyi ba ya raguwa da sauri kamar gudun gaba. Wanda aka rage wa albarushi tun farko juyinsa kaɗan ne.

Ɗan Auta: Duk wannan wahala, da magnum ɗin ka saya Yaya.

Kawu Sarkin Baka: Jikana ya ce yadi 300 ya kusa filin ƙwallo uku a jere. Har yanzu aike ne, sai dai ɗan aiken ya rage hanya.

Baban Hanif: Kawu a yi mini afuwa, a hankali zan matso. Filin gwajin da ke kusa da mu iyakarsa yadi 300, don haka na 430 sai na roƙi mai gonar in ya yarda. Na fara tara jarkokin madara, guda huɗu na samu, uwargida ta ce sauran biyun sai an shanye. In na ciro harsasan zan jera su kusa da sabo in ɗauko hoto in turo nan.

Mai Bin Sawu: Ka auna nauyin kowanne ma in da hali, ka rubuta nisan a jikin takarda kafin su cakuɗe maka. Nawa biyu sun cakuɗe, har yau ban san wanne ne na kanki wanne ne na mariya ba.